Makitsiya Bahaguwa da Muka Je Nema Diffa

Tun da muka dawo daga Diffa ban huta ba. A lakwal inda nake koyarwa, a gidan suna, har a layin injin niƙa, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malama Rabi, yaya Diffa? Kun same ta kuwa?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, wannan ta ji farko, waccan ta ji tsakiya, su haɗu su ƙara nasu gishirin. To ga shi nan gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta, bakina ya huta.

Littafi ne ya kai mu, ba wani abu ba. Wata abokiyar aikina ce ta ara mini shi, da Faransanci yake, labarin wata yarinya ce da yaƙi ya ritsa da su a wata ƙasa mai sanyi, aka kulle su a sansani bayan waya. Tana tsintar ɓawon dankali tana ci, tana kwana cikin rigar wani da ya mutu, iyayenta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya tana kallo. A ƙarshe yaƙi ya wuce, ta girma, rannan tana tafiya a kasuwa wata tsohuwa da suka zauna sansanin tare ta hango ta, ta kira ta da sunan da ake tsokanarta da shi tana ƙarama. Ni dai na sha kuka har na jiƙa gefen kallabina. Da na gama sai na ba Falmata, na ce ta karanta ta ƙara Faransanci.

Falmata ɗiyar riƙona ce. Kawunta ne ya zo da ita Damagaram tana ƴar ƙarama, yana sayar da bandar kifi, ya kama ɗaki jikin gidana. Daga baya ya tafi Agadas neman aiki ya bar mini ita, shiru har yau. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ita ce dai. Yanzu tana karatun ungozoma, yarinya ce marar hayaniya, in ba ka yi mata magana ba sai ta wuni ba ta ce uffan ba.

Da ta gama littafin ta zo ta kife shi a kan tabarma gabana.

"Inna, ita an gane ta."

Na ce, "E mana, ai nan ne daɗin labarin."

"Ni fa? Wa ya san ni ina ƙarama?"

"Ji wata magana! Ni ba mutum ba ce?"

"Ke kin karɓe ni na riga na zama haka. Kafin nan fa? Ina da surutu? Ina da tsoro? Ban sani ba, Inna, kuma ba wanda zan tambaya."

Ranar ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Shekarar da masu bindiga suka addabi bakin kogin Komadugu, aka tashi ƙauyensu, suka taho a ƙasa har bakin kwalta, suka kafa bukkoki. Uwarta ba ta daɗe ba a can ta rasu. Wata mata ce ta ja ta bukkarta, tare da wasu yara marasa uwa. Matar makitsiya ce, duk Juma'a sai ta zaunar da su ta yi musu kitso, wai kada a gan su a ce marayu ne. Falmata ta ce in dai akwai mai rai da ya san ta a lokacin, to matar nan ce, kuma tana so ta tsaya gabanta a gane ta.

Na ce, "Sunanta fa?"

"Ya muke ce mata."

Su Barebari duk babbar mace Ya ce, kamar yadda mu muke cewa Inna. Yaro ba ya kama sunan babba, balle ya riƙe.

"Ƙauyensu?"

"Ban sani ba. Amma bahaguwa ce, da hagu take kitso."

Ni ƴasu! Na ce, "Falmata, jiha guda za mu bi muna tambaya wa ya ga bahaguwa?" Na yi faɗana na gaji, ita ko tana ta murza gefen tabarma. Da aka ba da hutu ni na je tasha da ƙafata na yanko mana tikiti.

Kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, ta tashi da sassafe. Kujerar tsakiya muka samu, ni da gwiwata mai ciwo, ga buhu ƙarƙashin ƙafata. Kusa da ni wani dattijo ne ɗan kasuwa, Alhaji Mamman, mai fara'a, ya ce shekara da shekaru yana bin hanyar nan. Ba mu kai Gure ba ya fara atishawa, yana leƙen jakata.

"Hajiya, me kika ɗauko ne haka?"

Na ce da alfahari, "Tsaraba ce. Garin tattasai ne, ni na zaɓa da hannuna a kasuwa, na sa aka daka."

Mutumin nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya juya ya gaya wa na baya, na baya ya gaya wa na bayansa, kafin ka ce me duk motar ta ɗauka. Ashe tattasan da muke saye a Damagaram duk daga Diffa ake kawo shi, shi kansa Alhajin sana'arsa ke nan. Ya ce, "Kin mai da shi gida ya gaida danginsa." Raina ya ɓaci, na ce ai ba da kuɗinsa na saya ba. Amma Falmata ta yi dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki, don haka na haƙura.

Hanyar doguwa ce, ga ramuka, ga shingayen jandarma. Kowane shinge sai an sauka an nuna katin ɗan ƙasa. Ni da sun ga furfura su miƙo mini nawa, Falmata kuwa da sun ga inda aka haife ta sai tambaya: ina za ki, wurin wa, me za ki yi? A wani shingen bayan Gudumariya na kasa daurewa, na ce wa yaron, "Ɗan nan, ɗiyata ce, in akwai tambaya ni za ka yi wa." Ya dube ni ya ce, "Mama, je ki inuwa, aikinmu muke." Alhaji Mamman ya ja mayafina ta baya yana cewa a hankali, "Nan ba a ɗaga murya, Hajiya, ba Damagaram ba ce." Na haɗiye sauran maganar, da ƙyar ta wuce.

A Maine-Sorowa muka yi salla muka sayi dabino, ɗanye-ɗanye mai laushi, ba irin busasshen da muke karya haƙori da shi ba. Daga nan ne na fara ganin bukkoki a gefen kwalta, na zana da tsumma da farar leda da rana ta cinye, jere-jere, wasu da mutane wasu sun rushe. Falmata ta manna goshinta a gilashi. Na miƙa mata dabino ba ta karɓa ba. Har muka shiga Diffa ba ta juyo ba.

A gidan Hadiza muka sauka, tsohuwar ɗalibata ce da aka kawo mijinta aiki a likitar garin, wato asibiti. Haya suke a gidan wata dattijuwa Babarbariya, Ya Gana, doguwa, mai zane a kumatu, Hausarta tana fita da nauyin Barbarci. Ba mu gama ajiye kaya ba ta shigo gaisuwa. Jama'a, mu ma muna gaisuwa a Damagaram, amma tasu daban ce. "Wushe, wushe," ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi mutanen gida, ta yi shiru kamar an gama, na buɗe baki zan nemi buta, sai ta koma farko. Bayan nan ta aiko da kasko, hayaƙin turaren wuta na tashi, aka ajiye mini a gabana. Na ja Hadiza gefe na ce, "Ke, gaya mini gaskiya, wari muke?" Hadiza ta ce, "Haba Malama, girmamawa ce. Nan baƙo ba ya zama ba a turara shi ba." Na tsaya a kan kaskon ina jin kunya, amma wallahi zanen nan har yau in na buɗe akwati yana ƙamshi.

Aka kawo burabusko da miyar bandar kifi. Na ci har na saki ɗaurin zane. Falmata ta kai loma ɗaya baki ta tsaya, ta ce, "Haka miyar take." Ba ta ƙara komai ba, ta cinye kwanon tas, ita da a gida sai na yi ta fama da ita kan abinci.

Washegari na ɗauki neman nan irin na ƴan boko. Na sa mijin Hadiza ya samo mana mota, muka bi kwalta gabas da gari inda Falmata take ganin nan ne sansaninsu. Wurin ya canza mata. Ta ce akwai wata aduwa da suke wasa a gindinta, muka ga aduwa ta fi a ƙirga. Na nemi bulama, wato mai unguwarsu, muka zauna aka sake doguwar gaisuwa, na zayyana masa komai. Ya tara dattawa, suka yi ta shawara da Barbarci, a ƙarshe ya ce mutane da yawa sun koma, wasu sun yi gaba, wasu sun riga mu gidan gaskiya, mace kuma ba suna ba sunan miji, sai dai Allah. Muka je wani sansanin, haka. Muka shiga wani ofis a gari, wani saurayi mai kirki ya ba mu ruwan sanyi ya ce mu dawo wani mako. Rana ta gasa mu, gwiwata ta kumbura, na fara huce haushina a kan direba, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Da muka dawo Falmata ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na ji tausayinta har cikin hanjina. Ya Gana ta same ni a tsakar gida ina shafa man zafi, ta tambaye ni ina muka je, na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Maza kuka tambaya?"

"Bulama da dattawansa."

"Maganar kitso? Malama, wane namiji ya san hannun da aka kitsa matarsa da shi? Gobe akwai biki a unguwar nan, ku shirya."

Ko tunanin haka ban yi ba. Ni da nake koya wa ƴaƴan mutane tunani.

Gidan bikin cike yake da mata, ga lalle, ga turare har ido na yaji. Ya Gana ba ta yi wata sanarwa ba. Ta zauna cikin tsofaffi, aka gaisa, aka gaisa, ni ina ta mutsu-mutsu, sannan ta saki maganar a hankali kamar ba komai. Na ga maganar tana tafiya daga tabarma zuwa tabarma. Wata ta ce ta san bahaguwa amma ta rasu. Wata ta ce waccan ai Bafulatana ce. Can sai wata mai jego ta zame kallabinta ta nuna kanta, ta ce a duba yadda tsagar ta kwanta, ba irin ta kowa ba, wadda ta yi mata kuma a hannun wata tsohuwa bahaguwa ta koya, Ya Kellu, wadda ta tara marayu a bukkarta lokacin gudu. Tana nan da rai, wurin ɗanta, a lambunan tattasai wajen Shetimari. Falmata ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ban ce ta saki ba.

Da safe muka kama hanya, mu uku da Ya Gana, don Barbarcin Falmata ya zube, sai ɗaiɗaikun kalmomi. Daga kwalta muka gangara cikin lambuna. Ko'ina injin ban ruwa na ƙara, ko'ina an shanya tattasai ja wur a ƙasa, ni da Falmata muna ta atishawa, Ya Gana ko a jikinta. Muka bi ta bakin kogi. Na tambaya ina Najeriya, aka nuna mini wancan gefen, ga shi nan, in ka yi kira za a amsa. Wani mai lambu ya ce ƙanwarsa tana aure can, da can da kwalekwale suke zuwa cin abincin rana su dawo, yanzu ya manta rabon da ya gan ta. Sojoji na zaune a inuwa suna kallonmu, na tuna maganar Alhaji Mamman na kama bakina.

Mun sami Ya Kellu a ƙarƙashin rumfa tana cire wa tattasai hanci. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ƙasusuwa kawai, yatsunta sun kanannaɗe. Da hagu take aikin. Falmata ta tsaya cak, ta ce da ni a hankali, "Ita ce, Inna."

Aka yi gaisuwa, ni ban taɓa jin tsawon gaisuwa irin na ranar ba. Sannan Ya Gana ta yi bayani. Falmata ta durƙusa gabanta ta ɗaga fuska, tana jira.

Tsohuwar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta yi magana, Ya Gana tana mayar mana da Hausa.

"Ta ce yaya sunanki."

"Falmata."

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi. "Ta ce Falmata da yawa ta riƙe."

Ta sa hannu ta zame wa Falmata kallabi, ta shafa kanta daga goshi har ƙeya, ta shafa bayan kunne. Ta girgiza kai.

"Ta ce Allah ya sani, ba ta tuna ki ba. Yaran suna zuwa suna tafiya, wani dangi ya zo ya ɗauka, wasu su zo. Ta ce ki yafe mata."

Wuta ta taso mini. Na ce, "Ya Gana, gaya mata ta ce ta gane ta mana! Me zai rage ta? Daga Damagaram fa muka zo!" Ya Gana ta dube ni ta ce, "Wannan ba zan faɗa ba, Malama." Falmata ba ta motsa ba, tana durƙushe, kanta a buɗe, kitson da na biya aka yi mata kafin mu taho yana sheƙi a rana. Ban taɓa jin na kasa yi wa yarinyar nan komai ba irin lokacin.

Tsohuwar ba ta janye hannunta daga kan ba. Ta fara lissafo su, ita kaɗai, kamar mai magana da kanta. Akwai mai cizo. Akwai mai waƙa ko cikin barci. Akwai mai ɓoye tuwo a cikin riga. Kowace ta faɗa sai ta dubi Falmata. Sannan ta tsaya, ta ce akwai wata.

Ya Gana ta rage murya tana fassarawa. "Ta ce akwai wata da ba ta kuka. Uwarta ta rasu ba ta yi kuka ba, yunwa ba ta kuka, zazzaɓi ba ta kuka. Ta ce ta ji tsoro, don yaron da ya haɗiye kukan uwa ba ya daɗewa. Shi ya sa in tana mata kitso takan ja gashin da ƙarfi, da gangan, ko za ta yi kuka abin ya fita. Yarinyar sai dai ta cije leɓe. Rannan ta dawo daga ɗibar ruwa aka ce an tafi da ita. Ta ce duk cikin yaran wannan ce take hana ta sukuni, har yau ba ta san ko ta rayu ba."

Falmata ta juya a hankali ta zauna a ƙasa, ta ba tsohuwar baya, ta jingina da gwiwoyinta yadda yara suke zama gaban makitsiya. Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta aika aka kawo mata ruwa da sabulu ta wanke yajin, ta zaro tsinke daga kanta. Ta tsefe kitson Damagaram ɗin nan tas. Yatsun ba sa bin umarninta, tsaga ɗaya sai ta yi ta fama. Da ta kama na farko ta ja, Falmata ta saki wani irin kuka da ban taɓa ji a bakinta ba, tun ranar da aka kawo mini ita, kuka da murya, baki buɗe, irin na ƙaramin yaro. Tsohuwar ba ta rarrashe ta ba. Ta ci gaba da kitsonta, hawaye na bin zanen kumatunta, tana ta faɗin wata kalma ɗaya. Na tambayi Ya Gana me take cewa, ta ce godiya take yi wa Allah. Ni kaina na rufe fuska da mayafi.

Sai da rana ta karkata aka gama. Kitson bai yi kyau ba, in faɗi gaskiya, wani ƙato wani siriri, duk sun kwanta gefe guda. Za mu tafi na rasa abin da zan ba ta, na ciro wani zane da na sayo na ajiye mata. Ɗanta ya cika mana buhu da tattasai, ya ce ba a zuwa wurinsu a koma hannu sake. Tsohuwar ta riƙe hannun Falmata har bakin hanya, ba ta iya tafiya sosai amma ta ƙi komawa, muna cikin mota ina waiwaye tana tsaye.

A hanyar dawowa ban yi mata maganar ba har muka wuce Maine-Sorowa. Amma kun san ni, abu ba ya kwana a cikina. Na matsa kusa na ce, "Ɗiyata, ke ce kuwa? Yarinyar da ba ta kuka?"

Ta daɗe tana kallon waje.

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban tuna ba. Na yi ta lalube a kaina, ba komai."

"To me ya sa kika zauna?"

"Ta ce ba ta san ko yarinyar ta rayu ba. Ni kuma na rayu. Sai na bar mata a haka, ta ɗauka ni ce."

Na ce, "Ke fa? Abin da kika je nema fa?"

Ta ce, "Ina so ya zama ni ce." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ban sake tambayarta ba.

Yau makonni ke nan da dawowarmu. Kitson ya tsufa, ya yi buzu-buzu, ƙawayenta na makaranta sun fara yi mata tsiya. Jiya na ɗauko tsinke da mai na ce ta zo in tsefe mata, ta dafe kanta da hannu biyu ta ce, "Bari tukuna, Inna." Na mai da tsinken inda na ɗauko shi.